ADCP: na'urar da ke auna tafiyar ruwan teku da sauti

Yashin gaɓar Togo, mai tsawon kilomita hamsin da 'yan kai, yana tafiya ne daga yamma zuwa gabas. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968, katangarta ke tare yashin ta ɓangaren yamma, teku kuma na cin ƙasa ta gabas, a kan hanyar Aneho. Kafin a gina shingen duwatsu ko a yashe mashigar jirage, dole a san inda ruwa ya nufa da irin saurinsa. Na'urar da aka fi amfani da ita wajen wannan awo ita ce ADCP.

Yadda take aiki

Galibi tana da baki huɗu masu harba sauti cikin ruwa, inda yake gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa guda. Sautin kan bugi ƙurar yashi da ƙananan halittun da ruwa ke ɗauke da su, ya dawo. Idan suna matsowa sai amon ya ƙara siranta, idan suna nisa sai ya yi kauri, tamkar jiniyar motar asibiti da ta taho ta wuce. Christian Doppler ne ya bayyana wannan ƙa'ida a 1842. Daga lokacin da amon ya ɗauka kafin ya dawo ake gane nisan da ya fito, don haka ake samun saurin ruwa hawa-hawa, daga ƙasa har sama.

Yadda ake dasa ta

A ruwa marar zurfi, ana ɗaure ta a kan gindin ƙarfe mai nauyi, a ajiye a ƙasan teku tana kallon sama. A tsakiyar teku kuwa, ana maƙala ta a igiyar da aka ɗaure da anga. Ranar ɗauko ta, jirgi kan aika saƙon sauti, ƙugiya ta saki, na'urar ta taso. Kafin a jefa ta ana daidaita kamfas ɗinta, a kuma tsara yawan awon yadda batir zai kai watanni. Babban abin fargaba shi ne komar jiragen kamun kifi da halittun da ke manne wa bakinta.

Karanta bayanan

Ana fara zubar da awon da ke daf da bakin na'urar da na daf da saman ruwa, domin amon wuraren yakan gurɓace. Sai a gyara bambancin arewar kamfas da arewa ta gaskiya. Daga nan a ware cika da janyewar teku, wadda a Lome take zagayowa kusan duk sa'o'i 12 da minti 25. Abin da ya rage shi ne ainihin kwararar ruwa.

A nan ne ake bambance abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Kwararar Gini, mai tafiya gabas, can nesa da gaɓa take. Mai jan yashi kuwa wata ce daban, wadda raƙuman ruwa ke haifarwa idan suka bugi gaɓa a karkace. Na'urar da aka dasa a zurfi ba za ta ba da labarin zaizayar bakin teku ba.

A yankin

Shirin PIRATA, na haɗin gwiwar Faransa, Brazil da Amurka, yana sa ido a kan tekun Atlantika tun 1997. Na'urorinsa na ADCP suna auna wata kwarara mai ƙarfi da ke bin layin da ya raba duniya biyu, ta ƙarƙashin ruwa, zuwa gabas. Daga Yuli zuwa Satumba, ruwan sanyi mai abincin kifi yakan taso daga ƙasa a gaɓar Ghana da Kodebuwa, lokacin da masunta suka fi kama sardin. Fahimtar wannan yanayi ta shafi mai kwale-kwale, ta kuma shafi mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Adidogomé.