Naƙasa da ƙarancin cimaka a Agye, Gazawa da Gidan Rumji

A ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji, cikin jahar Maraɗi, abincin gida daga gona yake fitowa, gonar kuma da hannu ake nomanta. Damina wata uku zuwa huɗu ce. Wanda bai yi noman fari a kan kari ba, ciyawa ta ci hatsinsa, sai baɗi kuma. Shi ya sa gidan da ke da gurgu, makaho, kurma ko mai taɓin hankali yakan riga maƙwabta ganin gindin rumbu.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kashi 4,2 cikin ɗari na 'yan Nijar suna da naƙasa, mutum sama da dubu 700. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2022, ta ce a duniya kusan kashi 16 ne. Tazarar tana da yawa, kuma ko a nan mun san gidajen da in baƙo ya zo da takarda, ba a ambaton yaron da ke kwance a ɗaki.

Asarar irin wannan gida biyu ce. Ga hannun da ba ya riƙe hauya, ga na mai jinya, galibi uwa ko 'yar babba, wadda ba ta zuwa gona ko kasuwa. Sai a ɗauki ɗan ƙwadago da kuɗi, ko a jinginar da gonar, a wurin da dama gonaki sun tsuke kamar ƙasar Agye. Da kaka a sayar da hatsi da araha don sayen magani, a tsakiyar damina a sake sayen tiya da tsada. Ci-rani zuwa Katsina, Kano ko Agadas, wanda ke cike giɓin sauran gidaje, shi ma sai mai lafiya.

Yunwa ita ma tana haifar da naƙasa. Tamowa a kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, tana tsumburar da jiki da ƙwaƙwalwa. Rashin bitamin A yana farawa da dundumi, in ƙyanda ta haɗu da shi yaro na iya makancewa. Rashin gishiri mai iyodi yana kawo maƙoƙo. Ciwon noma, mai zaizaye baki da fuska, yara masu tamowa yake kamawa. A Disamban 2023 aka sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Yaron da wuyansa bai tsaya ba ko yake ƙwarewa in yana haɗiya, yakan rame ko da akwai abinci. Kada a ce "haka Allah ya yi shi" a zauna. A kai shi likita a auna damtsensa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen taimakon kansa. Aikin gyaran ƙasa da ake biya da kuɗi, irin haƙar rabin wata, na masu ƙarfi ne. Hatsi mai rahusa na OPVN sai an je an bi layi, an ɗauko buhu. Sanarwar da muke yi a wannan rediyo, kurma ba ya jinta sai wani ya faɗa masa. A ƙauyukan Gidan Rumji na bakin iyaka, in 'yan bindiga suka tada gari, mai rarrafe ne na baya.

Doka dai akwai. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, a 2019 kuma aka yi dokar shigar da su cikin harkokin ƙasa. Amma jerin masu samun taimako a dandalin gari ake tsara shi, gaban mai gari da kwamiti. Wanda bai iya zuwa ba, sai ɗan'uwa ya tsaya ya faɗi sunansa, a kuma nemi a rubuta wanda zai riƙa karɓar masa.

'Yan'uwa na Abijan, Libiya da Makka: kuɗin da aka aiko a watan Nuwamba yakan sayi hatsi fiye da wanda aka aiko a Agusta. In kun kira gida, ku tambayi dami nawa aka samu, da wanda zai nome gonar baɗi.