Pon mai kama kansa: yadda yake aiki, yadda ake gwada shi da daidaita shi

Direban da ya saba bin hanyoyin ƙauye ya san wannan abin takaici: taya ɗaya ta baya tana juyi cikin rairayi ko laka tana haƙa rami, ɗayar kuwa tana kan ƙasa mai tauri amma ko motsi ba ta yi. Injin lafiyarsa lau. Matsalar tana cikin tulun ƙarfen da ke tsakiyar pon na baya, wato diferansiyel.

Aikinsa shi ne ya bar tayoyi biyu su yi juyi daban-daban in mota ta sha kwana, tunda tayar waje ta fi ta ciki tafiya mai tsawo. Amma diferansiyel na gama-gari yana raba ƙarfi daidai-wa-daida. In taya ɗaya ta rasa abin kamawa, ɗan ƙarfin da ya ishe ta sulɓi shi kaɗai ɗayar ma za ta samu. Don magance haka aka ƙera wanda Faransawa ke kira différentiel à glissement limité, ko autobloquant, a jikin wasu motoci kuma ana rubuta LSD. Kamfanin ZF na Jamus ya ƙera irinsa tun 1935 don motocin tsere na Auto Union. Yau ana samunsa a pon na baya na kat-kat da dama, har da wasu samfuran Hilux da Land Cruiser.

Ba kowane iri ake daidaitawa ba. Mai haƙora zalla, irin Torsen, ba ya da faifan da za a ƙara wa matsi. Wanda ke aiki da ruwan silikon mai kauri a rufe yake, in ya mutu sai sauyi. Wasu sababbin motoci kuma kwamfuta ce ke taka birkin tayar da ke sulɓi, nan ma babu abin kwancewa a pon. Wanda makanike ke iya sa wa hannu shi ne mai faifai: siraran faifan ƙarfe jere a bayan haƙoran da ke juya sandunan taya, da rasor da ke matse su. Matsin nan ne ke tilasta wa tayoyin su tafi tare, sai ƙarfin kwana ya fi shi sannan faifan su zame. Da tafiya ta yi tafiya faifan na cinyewa, matsi ya ragu, pon ɗin ya koma kamar na gama-gari. Motocin hannu da yawa haka suke isowa, mai saye bai sani ba.

Gwajin ba ya buƙatar kwance komai. A sa duwatsu ko katako a tayoyin gaba, a cire giya, a saki birkin hannu, a ɗaga tayoyin baya duka biyu, a juya ɗaya da hannu. In ɗayar ta bi ta gefe guda, akwai faifai kuma suna kamawa. In ta juya akasin haka, ko dai pon ɗin na gama-gari ne, ko Torsen ne, ko faifan sun ƙare. Daga nan a sauke taya ɗaya ƙasa, a auna ƙarfin da ake buƙata kafin wadda ke sama ta juya, da makullin da ke auna ƙarfin ɗauri. Adadin da ya dace yana cikin littafin gyara na kowace mota, kada a ari na wata. A kiyaye: kada a tada inji a sa giya alhali taya ɗaya ce kawai a sama. Ta ƙasa za ta ja, motar ta faɗo daga kirik a kan wanda ke ƙarƙashinta.

Kafin a yi maganar kwancewa, a duba mai. Wannan pon yana son mai na GL-5 wanda aka rubuta LS a jikin galan, domin yana da sinadarin da ke sa faifai su zame a hankali. In aka zuba na gama-gari, sai a ji bayan mota na kakkarwa da ƙara a kwana mai tsanani, musamman in ana tafiya sannu. Mutane kan ɗauka pon ya lalace, alhali juyen mai kaɗai ake buƙata. Ana sayar da sinadarin daban a ƙaramar kwalba, amma in ya yi yawa faifan sun daina kamawa yadda ya kamata. Bayan juye, a sami fili a zagaya da motar kamar ana rubuta lamba 8, sau kamar goma, don man ya ratsa tsakanin faifan. Wanda ya ƙetare kori da damina ya buɗe ya duba: in man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a zubar nan take.

In awo ya nuna matsi ya yi ƙasa, sai a fitar da tulun. Ana auna kaurin kowane faifai, a sauya waɗanda suka cinye ko suka ƙone, a jiƙa sababbin cikin mai kafin a jera su, sannan a cike gibin da sirarar wasa mai kaurin da ya dace, ko a sa sabon rasor. Bambancin ɗan kashi na milimita yana sauya kamun sosai, don haka aikin awo ne, ido ba ya yin sa. A sa alama a murafan rulma don kowane ya koma wurinsa, a kuma sake auna ratar da ke tsakanin babban haƙori da ƙaramin da ke juya shi. In aka kuskure wannan, pon zai yi ta kuka har haƙoran su lalace.

Wasu masu mota kan ce a matse musu iya matsewa. A ganinmu wannan ba dabara ba ce ga motar da rabin aikinta a kan kwalta yake. Pon mai matsi fiye da kima yana sa mota ta ƙi shan kwana, yana cin taya, kuma a kan jar ƙasa mai santsi tayoyin baya biyu kan zame tare, bayan mota ya juya. Motar da ke ɗauke da fasinja da kaya a sama ranar kasuwa ba ta da wurin irin wannan kuskure.

Tayoyin baya su zama girma ɗaya, iska ɗaya. Safaya ƙarama a gefe guda tana sa faifan gogayya ko a miƙaƙƙiyar hanya, su ƙare da wuri. In an kafe kuma, jan birkin hannu kaɗan yakan taimaka wa pon ya tura ƙarfi ga tayar da ta kama ƙasa. A rairayi mai zurfi irin na arewacin Tanut ko Dakwaro, rage iskar taya ya fi kowane gyaran pon amfani, muddin akwai famfon mayar da ita kafin a hau kwalta.