Tarihin Binciken Ginuwar Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam

A cikin shekarun 1970, sa'ad da Malumfashi take cikin Jihar Kaduna, likitoci daga Jami'ar Ahmadu Bello da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool suka kafa sansani a ƙasar, suna bin ƙauyuka suna ƙidaya mutane da cututtukansu, watau tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. A shekarar 1981 Andrew Tomkins ya buga abin da ya gani ga yaran wannan yanki, cewa yaron da ya rame don ƙarancin abinci gudawa ta fi daɗewa a jikinsa. Aiki ne na ƙwarai, amma awo ne daga waje. Sikeli yana faɗin nauyin yaro, ba ya faɗin yadda aka gina abin da ke cikin kansa, kuma a wancan zamani ko a Ingila babu wanda ya san amsar da za a kawo a nan.

Abin da aka sani tsoho ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan ƙasar Sifen, Santiago Ramon y Cajal, ya duba ƙwaƙwalwa da madubin likita, ya nuna cewa ba curi guda ba ce, taron ƙwayoyin jijiya ne, kowace da jikinta da rassanta. Ya sami lambar Nobel a 1906. Yau an ƙiyasta yawansu a kan baligi ya kai wajen miliyan dubu 86. To, amma ga inda gizo ke saƙa: kusan kowace ƙwaya a jiki, ta fata ce ko ta hanta, littafin gado iri ɗaya take ɗauke da shi. Me ya sa wannan ta zama jijiya, waccan ta zama fata?

Amsar ta fito daga inda ba a zata ba, daga wata 'yar tsutsa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba, mai ƙwayoyin jijiya 302 kacal. A watan Disamba na 1993, Victor Ambros da Rosalind Lee da abokiyar aikinsu a Jami'ar Harvard ta Amurka suka bayyana cewa wata ƙwayar gado mai suna lin-4 ba ta ƙera furotin kamar yadda aka saba. Ɗan guntun saƙo take fitarwa, na sinadarin RNA, mai harufa kamar 22. A wannan wata kuma Gary Ruvkun ya nuna aikin guntun: yana manne wa wani dogon saƙo, ya hana a karanta shi. Masana suka ɗauke shi abin al'ajabin tsutsa, suka wuce. Shekara 7 ana wannan sakaci, kuma lalle abin kunya ne ga ilmi, har sai a 2000 da Ruvkun ya gano na biyu, let-7, ya tarar da shi a jikin ƙuda da kifi da mutum. A 2001 aka raɗa musu suna maikro-RNA. An san fiye da 1,000 a jikin ɗan Adam, Ambros da Ruvkun kuma suka karɓi lambar Nobel a 2024.

Manomin auduga na Funtua ba zai sha wuyar gane wannan ba. Yakan zuba iri da yawa a rami, in ya tsiro ya dawo ya rage, ya nome ciyawa, don ya san shuka kaɗai ba ta yin gona. Haka maikro-RNA: ba ya shuka kome, ragewa ne aikinsa. A farkon ciki akwai uwayen ƙwayoyi waɗanda ba su da aiki sai rabuwa biyu, su sake rabuwa. In suka daina da wuri, ƙwaƙwalwa ta fito ƙarama. In suka ƙi dainawa, jijiyoyi ba su samu ba. Guda biyu sun yi fice wajen tsai da wannan lokaci, miR-9 da miR-124. Su ne ke rufe bakin saƙonnin da ke riƙe ƙwaya a matsayin uwa, ciki har da wani furotin mai suna REST, wanda shi kansa aikinsa hana ƙwaya zama jijiya. Watau an hana mai hanawa, sai hanya ta buɗe. A 2011 Andrew Yoo da Gerald Crabtree na Jami'ar Stanford suka sa waɗannan biyu cikin ƙwayar fatar mutum a ɗakin gwaji, ta juye ta kama siffar jijiya. (Auduga da dawa ma suna da nasu maikro-RNA, amma wannan zancen malaman gona na Samaru ne.)

Abin da ya shafi ma'aikacin lafiya da na mulki a nan shi ne lokaci. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya yana rufewa wajen kwana 28 da shigar ciki, sa'ad da mace da yawa a ƙauyukan Funtua da Malumfashi ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba, balle ta je awo, ga kuma kunyar cikin fari da ke sa a ɓoye shi wata da watanni. Sinadarin folik asid da ake ba masu ciki ba maikro-RNA ba ne, kada a gauraya su, amma fagen aikinsa wannan bututu ne. Gwajin da Majalisar Binciken Magunguna ta Birtaniya ta buga a 1991 ya nuna cewa, ga matan da suka taɓa haifar ɗa mai buɗaɗɗen gadon baya, shansa tun kafin ɗaukar ciki ya rage maimaituwar abin da wajen kashi 70 cikin 100. Wadda aka miƙa wa ƙwayar a wata na biyar za ta amfana wajen ƙarin jini, amma bututun ya riga ya rufe, ko ya ƙi rufewa, tun watanni huɗu da suka wuce.