Wa Zai Zauna a Ƙauye? Tarihin Ma'aikacin Lafiya a Ƙasar Kano



Wanda ke zaune a Ƙofar Na'isa, idan ciwo ya kama shi da tsakar dare, bai fi 'yan mintoci ba ya isa Asibitin Murtala, wanda aka kafa tun cikin shekarun 1920 da sunan asibitin birni. Mutumin Doguwa ko na Tudun Wada kuwa, sau da yawa ginin asibiti yana nan a garinsu, amma babu mai duba shi a ciki. Wannan bambanci daɗaɗɗe ne, kuma shi nake so mu bi diddiginsa.

A zamanin En'e, baitulmali ne ke biyan malamin asibiti da duba-gari, kuma an buɗe Makarantar Tsabta ta Kano a 1932 don horar da irin waɗannan ma'aikata. Ba na cewa zamanin nan aljanna ne. Ɗakunan shan magani kaɗan ne ƙwarai, duba-gari kuma tsoronsa ake ji fiye da ƙaunarsa. Amma ma'aikacin ɗan ƙasa ne, mai biyansa yana kusa, hakimi kuma ya san ranar da bai buɗe ƙofa ba.

Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da taron Alma-Ata na 1978, sai nauyin ya koma wuyan ƙaramar hukuma, wadda ita ce mafi ƙarancin kuɗi. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Abin da ya fi koyar da mu darasi shi ne shirin tura ungozomomi ƙauyuka na 2009. An raba alawus ɗin ungozoma gida uku: Tarayya naira 30,000 a wata, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 tare da masauki. To, ungozoma guda, iyayen gida uku! Jihohi da ƙananan hukumomi da dama ba su cika alkawari ba. Yarinyar da aka kawo daga nesa, wata ma ba ta jin Hausa, ga ba lantarki, ga mijinta a wani gari, don me za ta zauna? Da yawansu suka tattara kayansu.

A ganina shirin Mata Don Lafiya, wanda gwamnatin Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya fi fahimtar cutar. Maimakon a kai baƙuwa ƙauye, sai a ɗauko 'yar ƙauyen, da yardar iyayenta da dagacinta, a yi mata shekarar share fage, ta shiga makarantar ungozoma, ta koma gida aiki. Sai dai kuɗin na baƙi ne, kuma shirin ya ƙare a 2020, ya bar wa jihohi ɗawainiyar ɗaukar 'yan matan aiki da biyansu albashi.