FADODI, GANUWOYI DA LAMBUNA: ZIYARAR GADON KAKANNI DAGA YAMAI ZUWA ABZIN

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata gare Shi da Ya kai mu ga ganin wannan rana, ranar da gidan sarautarmu ya cika shekara 100 cur. A irin wannan lokaci ya dace mutum ya ɗaga kai ya dubi gidajen sarautar maƙwabta, domin wanda ya san gidan wani shi ke ƙara sanin darajar nasa.

Yawancin masu riƙe da wannan ɗan littafi sun sha bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta nufi gabas, amma a guje: ko fatauci, ko biki, ko ta'aziyya. Kaɗan ne suka taɓa cewa direba ya tsaya don su shiga wani tsohon zaure su tambayi wanda ya gina shi. Ga shi kuwa akwai dalilin gaggawa. Turawa da dutse suka gina fadodinsu, dutse kuwa yana haƙuri da sakaci shekaru aru-aru. Kakanninmu da ƙasa suka yi nasu, ginin ƙasa kuma ba ya rayuwa sai in hannu yana komawa kansa kowace shekara. Duk fadar da ka tarar a tsaye, shaida ce cewa sarakuna da talakawansu ba su taɓa fasa yi mata yaɓe ba.

YAMAI DA KEWAYENTA

Mai ziyara ya fara da Muze na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, daga baya aka sa masa sunan marigayi Bubu Hama. Lambu ne babba, kimanin hekta 24, a tsakiyar birni. A cikinsa akwai ɗakunan tufafi da makaman gargajiya, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da waɗanda aka tono a Gadufawa, da rumfunan maƙera da dukawa. A nan ne kuma aka ajiye gawar iccen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada yana nuna wa ayari hanya, har ranar da wata mota ta kaɓe shi a 1973. Iccen da ya jure ƙishin Sahara tsawon zamanai, gangancin mutum ɗaya ya gama da shi.

Kudu da Yamai, tafiyar kimanin kilomita 150, akwai gandun daji na W, wanda ya samo sunansa daga yadda kogin Kwara ya yi lanƙwasa kamar wannan harafi na boko. An kafa shi a 1954, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gado na duniya a 1996. Muna tarayya a kansa da Benin da Burkina Faso, kuma mazaunin giwa ne da ɓauna da zaki da dorina. A gabas kuwa, kilomita 60 bisa hanyar Doso, yankin Kure ne, matattarar raƙuman dawan da suka rage a Afirka ta Yamma. A 1996 ba su wuce 50 ba. Da manoman yankin suka yarda suka zauna da su lafiya, sai da suka haura 600. Sai dai matsalar tsaro ta shafi wuraren nan biyu, musamman tun harin watan Agusta na 2020 a Kure, inda aka kashe mutum 8. Mai niyyar zuwa ya fara neman shawarar hukuma.

DOSO, MARAƊI DA TSIBIRI

Daga Kure, zango na gaba Doso ne. Fadar Zarmakwai an gina ta a 1904, jim kaɗan bayan hawan Zarmakwai Auta, wato daidai lokacin da Nasara ke kafa mulkinsu a ƙasar. Tana nan da doguwar katangarta da babbar ƙofa, kuma tun 2006 sunanta ke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO.

In aka miƙe gabas, aka wuce Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, sai ƙasar Katsinawa da Gobirawa. Bayan da jihadi ya ci Birnin Katsina a 1807, zuriyar Korau ta yi ta ƙaura, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 inda Sarki Ali ya kwanta dama, sun kafa Tsibiri a ƙarƙashin Mayaƙi, ƴar tazara kaɗan daga Maraɗi. Amma wanda ya zo neman tsohuwar Maraɗi ta cikin fadama ba zai same ta ba. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya cinye garin, mutane suka hau tudu, aka yanka sababbin unguwanni da tituna miƙaƙƙu, fada ma ta bi jama'arta. Tambura da kakaki da sarautun fada sun tsira, domin a ka da zuciya ake ɗauke da su. Katangu kuwa sun koma laka. A 2010 gwamnati ta ɗaga sarautun Doso da Katsinar Maraɗi da Gobir zuwa matsayin sultan, daidai da na Damagaram da Abzin.

DAMAGARAM: INDA YA KAMATA A KWANA

Daga Maraɗi zuwa Damagaram kimanin kilomita 240 ne, kuma a nan ya kamata mai ziyara ya sauke kayansa. Garin tun asali kashi biyu ne: Birni, mazaunin sarki da fadawa, a tsakanin manyan duwatsu, da Zango, masaukin Abzinawa da fatake masu zuwa daga Gat da Tarabulus. A Zango ne attajirin nan Malam Yaro ya yi zamaninsa.

Sarautar Damagaram ta faro ne a ƙarni na 18, a ƙarƙashin inuwar Barno. Sarki Sulaiman ne ya dawo da gadon sarauta nan Zinder a farkon ƙarni na 19, amma ɗansa Tanimun, wanda ya yi mulki kimanin shekara 30 har zuwa rasuwarsa a 1884, shi ya mai da garin daula. Ya kewaye Birni da ganuwa mai kauri, ya tara bindigogi, har ya sa maƙeran garin suka riƙa zuba igwa da hannunsu. Fadar da ake gani yau ta samo asali ne daga tsakiyar wannan ƙarni. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya sauka Birni a ƙarshen 1852, har yau ana nuna wurin da ya zauna.

Ya kai mai karatu, in ka shiga fadar kada ka yi sauri. Dubi kaurin bango a bakin ƙofa, ka ji yadda sanyi ke tarbarka ko da a tsakiyar bazara. Ɗaga kai ka ga bakan gizo: azarar giginya ce aka jera gaɓa-gaɓa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasa da ita, aka lulluɓe da ƙasa, har hannuwan biyu suka haɗu a sama ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Bangon kansa da tubali aka tayar da shi, mai siffar ƙwai, wanda aka cura da hannu aka shanya a rana. A waje akwai zankwaye a kan kusurwa, da indararo mai jefa ruwan sama nesa da gindin gini, da yaɓen makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, mai hana ruwa ratsa bango. Zaure bayan zaure, kowane da iyakar wanda zai wuce shi: nan dogarai, nan masu kawo ƙara, nan manyan fadawa, can ciki sai iyali. Wanda ya iya karanta zaurukan nan ya fahimci tsarin mulkin gaba ɗaya. Daga nan ya zaga lungunan Birni da Zango, ya ga fuskokin gidaje masu zane da launi, aikin da ya fitar da sunan maginan Damagaram.

Sannan ya hau dutse ya dubi barikin soja. A watan Mayu na 1898 aka kashe kyaftin Kazamaju a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta zagayo, a ƙarshen Yuli na 1899, sojan Faransa suka karya rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga gari, ba da jimawa ba aka kashe sarkin. Suka gina barikinsu a kan duwatsu, yana hangen fada daga bisa, suka sa masa sunan Kazamaju. Bayan samun ƴancin kai aka mai da shi sunan Tanimun. A 1906 Nasara suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodibuwa, suka danƙa gari ga Ballama. Shekara 17 gadon yana wofi, sai a 1923 aka maido da sarauta hannun Barma Mustafa. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce babban birnin ƙasar, kafin a koma Yamai. Ganuwar Tanimun kuwa, da ta rasa mai yi mata aikin gayya, ba abin da ya rage sai guntaye.

Ba za a bar Damagaram ba sai an leƙa lambunan Miriya, kilomita 18 a gabas, inda tsofaffin itatuwa ke yi wa fadamu inuwa, da tafkin Gidimuni mai dabino. Lambunan nan ba na ƙawa ba ne irin na sarakunan Turai. Su ne suka ciyar da birni da ayarinsa, har yau kuma kayansu ke cika kasuwa.

ABZIN

Daga Zinder hanya ta juya arewa, ta Tanut, kimanin kilomita 450 zuwa Agadas. Sarautar Abzin ta zauna garin tun ƙarni na 15, fadar sarki tana nan kusa da babban masallaci. Hasumiyar masallacin, mai tsawon mita 27, an fara ta ne a farkon ƙarni na 16, aka sake gina ta a 1844. Itatuwan da suka fito daga jikinta ba ado kaɗai ba ne: su ne matakan da magina ke takawa in za su yi yaɓe. Wato tun ranar gini an yi tanadin ranar gyara. Daura da masallacin akwai gidan da aka gina wa Kawusan, wanda shi da Sarki Tagama suka tsare sojan Faransa a barikinsu daga Disamba na 1916 zuwa Maris na 1917. Daga baya aka mai da gidan otel. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan gado na duniya.

Wanda Allah Ya ba iko, hanya kuma ta yi kyau, ya shiga duwatsu fiye da kilomita 200 zuwa Timiya. A can zai ga lambuna a gefen ƙorama: dabino a bisa, rumman da lemu da inabi a tsakiya, alkama da albasa da tafarnuwa a ƙasa. A tsohuwar dabara, sa ko raƙumi ke jan guga daga rijiya, yana tafiya yana dawowa, ruwa na bin ƴan magudanai daga fangali zuwa fangali. Lambun dutse ma, kamar ginin ƙasa, mako guda na sakaci ya ishe shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

A farkon watan Satumba na 2024, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Fiye da shekara 170 ya yi a tsaye. Jama'a da yawa a ƙasar nan ba su san shi ba sai ranar da suka ga hoton faɗuwarsa a waya. Damina ta sauya hali, ruwa yana zuwa da ƙarfin da iyayenmu ba su saba gani ba. Ga kuma siminti da ake shafa wa tsohon bango, wanda ke tsare danshi a ciki har ƙasar ta ruɓe ba a sani ba. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. A ƙauyen Yama cikin jahar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, da gudummawar mutanen gari, kowa da abin da ya iya: wani tubali, wani ruwa, wani icce. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini, wadda ake takara a kanta a duniyar Musulmi baki ɗaya. A Dandaji kuma, wani masallacin da shi dai Falke Barmu ya gina, da ya tsufa ba a rushe shi ba: an gyara shi an mai da shi ɗakin karatu a 2018.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu sarakuna su riƙe Sarkin Magina kusa, su raya gayyar yaɓe kafin faɗuwar ruwa. Muna roƙon magadan gari kada su ba da filin tsohuwar ganuwa ga mai neman wurin kanti. Muna roƙon attajirai, in za su taimaki fada, su tambayi magina irin kayan da bangon ke so kafin su aiko da buhunan siminti. Malaman lakol kuma su riƙa kai yara fada ko sau ɗaya a shekara, su zauna gaban dattawa su ji sunayen sarakuna da na zauruka, domin gani ya kori ji, kuma yaron da ya taɓa bango da hannunsa ba zai yarda a rushe shi yana kallo ba.

Allah Ya jiƙan magabatan da suka kafa wannan gida. Allah Ya ja zamanin Mai Martaba, Ya ƙara masa lafiya da adalci. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya buɗe hanyoyinta ga mai ziyara da baƙo, Ya sa jikokinmu su tarar da wannan zaure a tsaye ranar da za su yi bikin shekara 200. Amin.