Binciken asalin zuri'a a Kakuri

Binciken asalin zuri'a a Kakuri shi ne bin sawun iyaye da kakannin da suka zauna a kudancin kogin Kaduna tun zamanin Turawa, ta hanyar tsofaffin takardu da abin da dattawa suka riƙe a ka. Kakuri na cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, su ne mutanen da aka tarar a wurin, shi ya sa har yau ake da Kakurin Gwari da Kakurin Hausa.

Arewacin Najeriya bai zama mazaunin Turawa na dindindin ba kamar Kenya. Dokar filaye ta 1910 ta sa ƙasar a hannun Gwamna, baƙo ba ya mallakar fili sai dai haya, kuma Bature yakan gama aikinsa ya koma gida. Waɗanda suka zo suka kafa zuri'a 'yan ƙasa ne: sojoji, da leburorin reluwe, da akawuna daga kudu, da kukun Turawa da boyi-boyinsu, da 'yan kasuwar da suka biyo su. Layin dogo ya kai Kano a 1911, aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, daga baya kuma layin Fatakwal ya zo ya haɗu da na Legas a kudancin kogi. Babbar cikar Kakuri ta zo ne da masaƙu. Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo baya bayan samun 'yanci, tare da masana'antar makamai ta DICON a 1964, sannan kamfanin Peugeot a 1975.

Mafi yawan tsofaffin takardun suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, reshen Kaduna, a kan titin Yakubu Gowon. Hukumar ta samo asali ne daga binciken da Kenneth Dike ya yi, wanda ya kai ga kafa ta a 1954. A can ake samun fayilolin Sakatariyar Lardunan Arewa, da na Lardin Zariya, da rahotannin ƙiyasin haraji, da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, yana da nasa tarin takardu da jaridu. Wasiƙun da gwamnoni suka aika Ingila kuwa suna gidan adana takardun Birtaniya da ke Kew, a Landan.

Sai dai takardun ba su yi wa kowa adalci ɗaya ba. Jikan wani Razdan ko Di'o zai iya gano ranar da kakansa ya kama aiki, da garuruwan da aka kai shi, da lokacin da ya tafi hutu, domin jerin sunayen ma'aikata da gazet sun rubuta duk wannan. Lebura kuwa yawanci adadi ne a cikin rahoto. Idan ma sunansa ya fito, to sunan yanka ne da na garinsu, irin su Audu Kano ko Musa Bauci, ga shi akawun da ya rubuta ba lalle ya ji Hausa ba. Wannan al'ada ta jingina mutum ga garinsu takan nuna wa mai bincike inda zai nufa, amma takan ɓoye sunan uba, kuma masu suna iri ɗaya ba sa ƙirguwa. Mata sun fi kowa ɓacewa, tunda magidanta aka fi bi da haraji. Inda sunan mace ya fi fitowa shi ne littafin kotun alƙali, wajen rabon gado ko shari'ar aure, sai kuma rajistar baftisma da ɗaurin aure ta coci-coci.

Saboda haka masu bincike sukan fara daga cikin gida. Adakar tsoho takan fi fayil ɗin gwamnati amfani: rasit ɗin haraji daga mai unguwa, littafin sallama daga soja, katin masaƙa mai lamba, takardar fansho, takardar cinikin gida mai sunayen shaidu. Rasit ɗin haraji yana da iyaka, domin gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali bayan hawanta a 1979. Tsagar fuska a tsohon hoto, da kirarin gida, da laƙabin sana'a, su ma sukan nuna asali.

Abubuwa biyu sun ƙara wa aikin wuya. Rikice-rikicen addini na 2000 da 2002 sun sa iyalai da yawa canza unguwa, Musulmi da dama suka haura arewacin kogi, Kiristoci suka gangaro kudu, maƙwabtan da suka san tarihin juna suka rabu. Masaƙun kuma sun durƙushe: Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, United Nigerian Textiles ta rufe a 2007, tsofaffin ma'aikata da yawa suka koma garuruwansu. Mai neman kakansa a Kakuri yanzu sau da yawa sai ya bi waɗannan dattawa har Binuwai ko Filato ko Katsina kafin ya haɗa sunan da ya gani a takarda da mutumin da ake ba shi labari.