Baƙin Gana Da Korar 1969

Ya ku 'yan makaranta, in zamani ya yi ƙunci, aiki ya yi wuyar samu, abinci ya yi tsada, mutumin da a kan fara yi wa kallon banza shi ne baƙo. A kan ce shi ya ƙwace aikin 'yan ƙasa, balle in ba shi da takardar iznin zama. Shin maganan nan gaskiya ce? Bari in ba ku labarin abin da ya auku a ƙasar Gana, wadda da a ke kira Gwalkwas, ku auna da hankalinku. Labarin kuwa ya shafe mu, gama da danginmu cikin waɗanda abin ya faɗa wa.

Tun kafin zuwan Turawa fataken Hausa su ke kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, su komo da goro. Da yaƙin basasa ya kashe Salaga cikin 1892, sai suka watsu, waɗansu Kumasi, waɗansu Ankara, suka zauna unguwannin da a ke kira zango. Ba wanda ya tambaye su takarda, don a zamanin nan ba a san ta ba.

Abin da ya ƙara jawo baƙi shi ne koko. Cikin 1879 wani maƙeri, wai shi Tetteh Quarshie, ya kawo irinsa daga tsibirin Fernando Po, kafin 1911 ta ƙare kuwa ba ƙasar da ta kai Gwalkwas fid da koko a duniya duka. To, aikin koko ba na rago ba ne. Sai an sare kurmi, an dasa, an jira wajen shekara biyar, sa'an nan a tsinke, a fasa, a shanya, a ɗauka a ka har bakin hanya. Masu gonaki ba su da hannuwan da za su ishe su. Saboda haka Mosawa, da Zabarmawa, da Hausawa, da mutanen Togo suka yi ta gangarowa ƙwadago. Da yawa sun yi aiki bisa sharaɗin da Tonawa ke kira abusa, watau a raba amfani kashi uku, ɗaya na mai aiki. Waɗansu suka shiga ramukan zinariya na Obuasi da Tarkwa, waɗansu dako a kasuwa, har sunansu ya zama kayakaya, waɗansu fawa da gadi. Yarbawa kuwa suka riƙe ƙananan kantuna har cikin ƙauyuka. Da aka yi ƙidaya cikin 1960, mutanen ƙasar duka miliyan 6 da dubu 700 ne, fiye da dubu 800 daga cikinsu 'yan asalin waɗansu ƙasashe ne, watau kusan mutum guda cikin takwas.

Bayan samun mulkin kai a 1957, aka yi doka cikin 1963 cewa kowane baƙo ya nemi takarda. Kaɗan ne suka nema. Waɗansu ba su iya karatu ba, waɗansu kuwa a zango aka haife su, ba su taɓa ɗaukar kansu baƙi ba. Ana nan, cikin 1965 kuɗin koko ya faɗi warwas a kasuwannin duniya, bashi ya yi wa ƙasa katutu, samarin da suka gama makaranta suka cika gari suna neman aikin akawu, babu. Gunaguni ya tashi.

Kada ku ce gunagunin nan ba shi da tushe. Ɗan ƙasa mai son buɗe rumfa ya kan tarar baƙo ya riga shi, ya kuma fi shi sanin kan ciniki. Mara takarda kuwa ba ya iya kai ƙara in an zalunce shi, don haka ya kan karɓi lada kaɗan ya yi shiru, arhar nan tasa kuma ta kan ja ladan ɗan ƙasa ƙasa. Amma ku lura, ribar arhar aljihun mai ba da aikin ta ke shiga.

Ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Dokta Busia ta yi shela, duk baƙon da ba shi da takarda ya fita cikin mako biyu. Mutane suka sayar da gidaje da kaya a wulaƙance, suka cunkushe cikin motoci da jiragen ruwa, waɗansu suka rasu a hanya. Dubbai ɗari-ɗari ne suka fita.

To, me ya biyo baya? Rumfunan kasuwa sun koma hannun 'yan ƙasa, waɗansu kuwa sun amfana. Amma yaron da ke neman aikin alƙalami bai ɗauki adda ya shiga kurmi ba, manoma suka rasa masu aiki. Mai gidan haya ya rasa 'yan haya, mai sayar da abinci ta rasa masu saye, mai mota ya rasa kaya, gama baƙo ba aiki kaɗai ya ke karɓa ba, yana kuma kashe abin da ya samu a garin. Leburori da yawa suka juya Kodebuwa, kafin 1980 kuwa ita ce ta ɗaya wajen koko. Ba korar kaɗai ta jawo haka ba, akwai tsufan itatuwa, da ciwon koko, da ƙarancin kuɗin da hukuma ke biyan manomi. Amma ƙuncin bai bi baƙin ya fita ba. Cikin Disamba 1971 aka karya darajar sidi, ran 13 ga Janairu, 1972, soja suka tuɓe Busia.

Duniya kuwa rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Da Nijeriya ta sami kuɗin mai, mutanen Gana suka yi ta zuwa, malaman makaranta, da magina, da masu gyaran takalma. Kuɗin mai ya faɗi, sai cikin Janairu 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba marasa takarda mako biyu, ita ma. Wajen mutum miliyan guda suka koma Gana, har jakar da suka zuba kaya ta sami suna. Nan ma tsada da rashin aiki ba su tafi ba, ran ƙarshe na shekaran nan soja suka karɓi mulki.

Hukuma tana da ikon sanin wanda ke cikin ƙasarta, wannan ba gardama. Amma nan gaba waɗansunku za su riƙe alƙalamin hukunci. Ran da aka kawo muku kukan baƙi, ku yi tambaya biyu tukuna: wane aiki baƙon nan ya ke yi, wa zai yi shi in ya tafi? Sa'an nan, mene ne ainihin abin da ya kawo ƙuncin? In kuwa ku ne tafiya ta kama, kada ku ƙetare iyaka sai da takardarku a hannu. Allah ya sa mu gane, amin.